"Na Ba Ka Gari": Wasannin Hirar Dare da Abin da Manazarta Suka Bari a Baya

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san cewa in aka ce wa mutum "na ba ka gari", to, an sallama masa ke nan, an yarda an kasa. Maganar ta shiga bakin manya har a kasuwa da ofis, amma asalinta wasan kacici-kacici ne na hirar dare, inda wanda aka ɗaure da tambaya ya kasa kwancewa yakan fanshi kansa da gari, sa'an nan a faɗa masa amsa. Abin mamaki shi ne, mutum zai iya karanta jerin kacici-kacici ɗari a littafi ko a kundin ɗalibi bai ci karo da garin nan ba, in ma an ambace shi to a layi guda ne a wuce. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa abin da ake wucewa ɗin shi ne ƙashin bayan wasan, kuma da shi ya kamata mu riƙa auna sauran wasannin da abokai kan yi in dare ya yi, na gida da baƙi. Watau mu tambaya, me wanda aka ci yake biya, kuma bashin yana ƙarewa in an tashi daga hira ko kuwa yana bin mutum har gida?

Yadda wasan ya faɗi a hanya

Laifin ba na mutum guda ba ne, yadda aka soma tattara adabinmu na baka ne ya jawo. J. F. Schön ya buga Magana Hausa a 1885. Frank Edgar ya fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, mafi yawan abin da ke ciki kuwa malamai ne suka rubuta da ajami kafin a mayar da shi boko. Shi ma R. S. Rattray, littafinsa na 1913 Malam Sha'ihu ne ya rubuta masa shi da ajami a ƙasar da yanzu ake kira Ghana. Waɗannan ayyuka taska ce, ba mai musun haka. Amma a dubi halin da aka yi su. Malami ne zaune shi kaɗai da alƙalami da tawada, an ce ya rubuta abin da ya sani. Ba shi da abokin karawa, ba wanda zai kasa amsawa, balle a nemi gari. Abin da zai iya sa wa a takarda shi ne tambaya da amsarta, sai ya sa su. Daga nan kacici-kacici ya zama jeri mai gida biyu, tambaya a hagu amsa a dama, kamar ƙamus.

Da nazarin Hausa ya dawo hannun Hausawa an sami gyara, musamman a jerin littattafan Ibrahim Yaro Yahaya na Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970, waɗanda suka ajiye wasa kusa da tatsuniya kamar yadda suke a rayuwa. Sai dai littattafai ne na 'yan makaranta, kuma wannan ya ƙara ƙarfafa zaton cewa sha'anin duka na yara ne. Rabe-raben da muka saba koyarwa, watau zube da waƙa da wasan kwaikwayo, su ma sun taimaka. Kacici-kacici da karya harshe da zaurance sukan faɗa ƙarƙashin zube, a cikin maganganun azanci, tare da karin magana da kirari. To, karin magana mutum ɗaya kan faɗe shi ya wuce. Kacici-kacici kuwa ba ya yiwuwa sai da mutum biyu aƙalla, da juyi, da ci, da biya. Tun 1970 Ruth Finnegan ta yi ta jan hankali cewa adabin baka yana rayuwa ne a lokacin da ake aiwatar da shi, mu ma muna maimaita wannan a aji, amma in ɗalibi ya tafi ƙauye neman bayanai sai ya dawo mana da jeri mai gida biyu, mu kuwa mu ba shi maki.

Dare da haske

Kafin a shiga wasan kansa, ya kamata a tuna cewa haske ne yake yanke irin wasan da za a yi da dare. In akwai farin wata, musamman da kaka bayan an kai amfanin gona gida, sai dandali ya cika, 'yan mata na gaɗa, samari na langa da kokawa. In duhu ne, ko sanyin hunturu ya matsa, sai a koma ɗaki ko zaure, inda aci-balbal ko fitilar ƙwai ba ta isa a ga komai sosai ba. Wasan da ya dace da irin wannan wuri shi ne wanda kayan aikinsa baki ne da kunne. Shi ya sa dara, mai gurabe talatin da 'ya'ya goma sha biyu ga kowane ɗan wasa, ta fi zama wasan rana a gindin bishiya, don sai an ga gurbi ake jera uku a ci. Tatsuniya kuwa har camfi aka kafa mata cewa mai yin ta da rana zai ɓata. Ko me ake nufi da camfin, aikinsa a fili yake, ya keɓe wa wasan baki lokacinsa, bayan an gama aikin yini.

Wasan kansa

Yawanci akan buɗe da "ƙulun ƙulufit", a amsa da "gauta". Wannan buɗewa tana koya mana wani abu da jerin littafi yake ɓoyewa. Ba wani mai hankali, komai kaifin basirarsa, da zai zauna ya yi tunani ya gano gauta daga waɗannan kalmomi biyu. Ko dai ka taɓa ji, ko ba ka taɓa ji ba. Haka abin yake ga mafi yawansu, har waɗanda ke da siffantawa a ciki. "Baba na ɗaka gemu na waje" ya dace da wuta da hayaƙi, amma da za a bar wa hankali kawai, akwai wasu abubuwan da zai iya dacewa da su, kuma ba za a karɓa ba. "Shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya" tsintsiya ce, don haka aka gada. Ashe abin da ake gwadawa ba zurfin tunani ba ne kamar yadda mukan rubuta a babin "muhimmancin kacici-kacici". Ana gwada yawan abin da mutum ya tara a ka, da saurin fito da shi, da kuma wanda rumbunsa zai riga ƙarewa. Baƙo a wurin nan take ake gane shi.

To, sai a zo kan wanda ya kasa. Mai tambaya ba ya faɗin amsa kyauta, sai ya ce a ba shi gari. A nan ne wasa na biyu yake farawa a cikin na farko, kuma sau da yawa ya fi na farkon daɗi. Wanda aka ci zai miƙa wani ɗan ƙauye don rowa ko don tsokana, mai tambaya ya ce ba ya so. A ƙara masa wani, ya ce wannan ko kasuwa ba ta ci a cikinsa. Ana nan ana ciniki har a kai ga Kano ko Katsina ko Sakkwato, in tambayar ta yi tsauri ma har Makka. In akwai Bakano da Bazazzagi a wurin, ko Bafillace da Babarbare, sai wasan barkwancin da ke tsakaninsu ya shigo, a ba mutum garin abokin wasansa ya ƙi karɓa yana kushe shi, kowa na dariya. In ya karɓi gari, wani har yakan ɗan yi taƙama da shi, ya ce ya shiga ya ci ya sha, kafin ya saki amsa.

Abin lura shi ne, wanda aka ci ya biya da abin da bai mallaka ba, wanda ya ci kuma ya karɓi abin da ba zai iya ɗauka ba. An yi asara, an amsa an kasa a gaban jama'a, an sha 'yar dariya, amma da za a tashi ba wanda aljihunsa ya ragu ko mutuncinsa ya taɓu. Yaron da ya ba da Kano yau, gobe ma yana da Kanon da zai sake bayarwa. Ni a ganina wannan dabara ce babba, domin ta warware matsalar da ke cikin kowace gasa tsakanin mutanen da dole gobe su sake haɗuwa, watau yadda za a sami mai ci da wanda aka ci ba tare da an bar ƙulli a zuciya ba. Johan Huizinga a 1938 ya bayyana wasa da cewa abu ne mai iyakar lokaci da wuri, wanda aka ware daga rayuwar yau da kullum. Roger Caillois a 1958 ya kasa wasanni gida huɗu, na gasa da na sa'a da na kwaikwayo da na jiri. Rabon nasa yana da amfani, amma in aka bi shi kacici-kacici da dambe za su kwana a gida ɗaya, gidan gasa, alhali abin da ake biya a cikinsu ya sha bamban.

Kada a ɗauka ina cewa wasanninmu na gargajiya duka haka suke da sauƙi. Akwai waɗanda biyansu ranƙwashi ne, akwai na duka kamar ɗan akuyana, wanda na tsakiya yake neman ƙwacewa daga da'ira ana jibgarsa. Amma waɗannan na dandali ne, na tsara masu jini a jika, kuma ko su zafinsu na jiki ne mai wucewa kafin safiya.

Shin na yara ne?

Gaskiya ne manya ba su cika zama suna ƙulun ƙulufit ba, kuma dalilin yana cikin abin da aka faɗa a baya. Tunda amsoshin gado ne, ranar da kowa a majalisa ya san su duka wasan ya mutu, ba mai ba da gari. Amma manya ba su daina wasan baki ba, sun koma ne ga nau'in da ba ya ƙarewa da hadda. Akwai wasa ƙwaƙwalwa, irin na mutumin da zai ƙetare kogi da kura da akuya da damin dawa, kwalekwalen kuwa ba ya ɗaukar sa sai da abu guda. Wannan tunani yake bukata na gaske, don sai mutum ya yarda ya dawo da akuyar da ya riga ya ƙetarar kafin lissafin ya fita a tafiya bakwai. Tambayar ba tamu ba ce mu kaɗai, tana cikin wani tsohon littafin lissafi na Latin da ake danganta wa Alcuin, wanda ya rasu a 804. Akwai kuma labaran da ake rufewa da tambaya, kamar na gwanaye uku da kowannensu ya nuna bajinta, a ce wa ya fi? William Bascom ya tara irinsu daga sassan Afirka a 1975. Waɗannan ba su da amsa ɗaya, gardamar ita ce wasan, kuma takan kai dare ya raba ba a gama ba. Samari da 'yan mata kuma suna da zaurance, inda "zo mu tafi" kan koma "zodo mudu tadafidi", a yi magana a gaban mutum a bar shi a waje.

Malamai ma suna da nasu. A Sahihul Buhari an ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi sahabbai wace bishiya ce ganyenta ba ya zuba, wadda ta yi kama da Musulmi. Mutane suka yi ta ambaton itatuwan daji. Abdullahi ɗan Umar ya gane dabino ne, amma ya yi shiru don kunya, ganin shi ne ƙarami a wurin. Da ya gaya wa mahaifinsa daga baya, sai Umar ya nuna masa da ya faɗa da ya fi masa daɗi. Bahaushe ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan shiru, ya san shi. Yana kuma nuna mana dalilin da ya sa wasan baki ya fi armashi tsakanin tsara da abokan wasa, domin inda akwai suruki ko malami ko ɗan fari, kunya takan riƙe harshe ko da amsa na bakinsa. Bugu da ƙari, duk wanda ya karanci Muƙamar Hariri a zaure ya san muƙama ta 32, mai tambayoyin fiƙihu ɗari da aka gina a kan kalmomi masu ma'ana biyu. Ibn Farhun, alƙalin Madina Bamalike da ya rasu a 1397, littafi sukutum ya yi na irin waɗannan tambayoyi. Saboda haka cewa ɗaure mutum da tambaya wasan yara ne magana ce da ba ta tsaya ba.

Baƙin wasanni

Da wutar lantarki da janareta suka shigo, dare ya sami hasken da za a ga kati da allo. A teburin mai shayi, da majalisun unguwa, da ɗakunan kwanan ɗalibai, da fada ta samarin Nijar wadda Adeline Masquelier ta yi littafi a kanta a 2019, abin da aka fi gani yanzu shi ne karta da ludo da Whot. Ludo an yi masa rajista a Ingila a 1896, asalinsa kuwa wani tsohon wasan Indiya ne. Whot ma a Ingila aka ƙirƙiro shi a 1935, amma a Nijeriya ya sami gida. Mafi yawan abin da ake rubutawa a kansu kuka ne cewa baƙi sun kori 'yan gida. Ni ban ga amfanin wannan kuka ba. Ludon da ake yi don a yi wa wanda aka mayar gida dariya bai yi nisa da ba da gari ba. Wanda ake aza wa kuɗi kuwa ya zama caca, hukuncinsa a fili yake a Suratul Ma'ida, ga kuma abin da ya zo a Muwaɗɗa game da wasan ƙwayar da ake jefawa. Allo ɗaya ne, abin da ake biya ne ya raba su.

Wasanni biyu daga cikin baƙin sun fi cancanta a tsaya a kansu, don su ma na baki ne, ba sa bukatar haske. Na farko shi ne Mafiya, wanda Dimitry Davidoff ya ƙirƙiro a sashen nazarin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Mosko a 1986. Akan ware 'yan kaɗan a asirce su zama miyagu. In mai gudanarwa ya ce dare ya yi kowa ya rufe ido, sai miyagun su buɗe su nuna wanda za su kawar. In ya ce gari ya waye sai a shiga muhawara, a tuhumi juna, a jefa ƙuri'a a fitar da wanda ake zargi. Na taɓa zama inda wasu ɗalibai suke yinsa da Hausa zalla, na ga wani yaro mai sanyin hali ya dubi amininsa ido cikin ido ya yi masa ƙarya har aka fitar da aminin. Da aka gama asiri ya tonu, dariya ce ta tashi, wanda aka zalunta ya fi kowa yi. Wannan ƙarya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Mai tatsuniya yakan rufe da cewa ba don gizo ba da ya yi ƙarya, watau ya amsa cewa abin da ya faɗa ƙarya ce mai izini, wadda ta ƙare da ƙurunƙus. Wanda aka kashe a Mafiya rai ya bayar irin na ba da Kano, a zagaye na gaba zai dawo da ransa. Aibin wasan a wani wuri yake, wanda aka fitar da wuri yakan zauna zugum har a gama, abin da kacici-kacici ba ya yi wa kowa.

Na biyu shi ne wanda ake ba mutum zaɓi, ko ya amsa kowace tambaya da gaskiya, ko ya aikata abin da aka umarce shi. A ido yana kama da namu, akwai juyi, akwai tambaya, akwai biya. Amma a dubi abin da ake biyan. Asirin mutum ne na gaske, ko wani aiki da zai ji kunyarsa da safe. A. H. M. Kirk-Greene a Mutumin Kirki na 1974 ya lissafa kunya da mutunci cikin halayen da Hausawa suke auna mutum da su, kuma ba a banza addu'ar da ta fi yawa a bakinmu ita ce ta rufin asiri ba. Asirin da aka faɗa a hira ba ya komawa ciki in an tashi, balle yanzu da kowa ke riƙe da wayar da za ta naɗe shi. Wanda ya ƙi faɗa kuma a ce ya ɓata wasa. Wannan ya fi kusa da caca fiye da yadda masu yinsa suke zato, sai dai abin da ake azawa ya fi kuɗi wuyar mayarwa.

Garuruwan da ba a rubuta ba

Akwai wata asara ta musamman da jeri mai gida biyu ya jawo mana. Garin da ake bayarwa da wanda ake ƙi taswira ce ta abin da mutanen wani wuri da wani zamani suke ɗauka da girma. Da malaman Edgar sun rubuta cinikin garin, da yau mun san matsayin Gwanja a idon yaran zamanin fataken goro, da lokacin da Ikko ta shigo lissafi, da garin da yaron Damagaram yake nema wanda na Zariya ba ya nema. Wannan ya wuce, amma na yau bai wuce ba, kuma na'urar naɗar magana tana aljihun kowane ɗalibi. Abin da ake bukata shi ne a naɗi zama guda daga buɗewa har watsewa, da izinin masu shi, a rubuta wa ke wurin, me ke tsakaninsu, wa ya yi shiru, wane gari aka miƙa, da wane dalili aka ƙi shi.

Kwanakin baya na saurari wasu yara a tsakar gida an ɗauke wuta, wayoyi kuma sun mutu. Wata yarinya ta ɗaure wanta da tsumangiyar kan hanya mai fyaɗe yaro ta fyaɗe babba. Ya ba ta Kano ta ƙi, ya ba ta Abuja ta ƙi. Ya ce ya ba ta Saudiyya, ta ce ai wannan ƙasa ce, ita gari ta ce a ba ta. Sai da ya ba ta Dubai sa'an nan ta ce masa yunwa ce.